Wai daji ba ya son ƙarfe? Wannan magana tana cinye matanmu

Yau magana ce mai ɗaci, amma dole mu yi ta.

Daga Korgom har Kanambakashe, in mace ta ji ƙululu a mama, abin da ake fara ce mata shi ne: "Kar ki je likita, daji ba ya son ƙarfe." Sai a shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Wata shida, shekara guda, har ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari ya riƙa ciwo, abinci ya ƙi shiga. Nan kuma sai a ce shawara ce, a ƙaro wani galan na sassaƙe. Alhali sau da yawa kansar maman ce ta bi jini ta sauka a hanta. Hantar da ta riga ta gaji, ita ake ɗora wa tace wannan jiƙo. Haba jama'a!

Mu faɗi gaskiya: in ciwon ya kai hanta, da wuya ƙwarai a warke sarai. Duk mai lasifika a kasuwa da ya ce zai tumɓuke shi cikin kwana bakwai, maƙaryaci ne, kuɗin akuyarku yake so. Amma rashin warkewa ba ya nufin a zauna jiran likkafani. Akwai shimiyo mai rage ƙarfin ciwon. Akwai ƙwayoyi irin su tamoxifène ga wadda kansarta ke cin abinci daga sinadarin mata na jiki. Akwai morfin mai kwantar da zafi. Da waɗannan, mace na iya samun watanni, wata ma shekaru, tana zaune da 'ya'yanta. Sai dai lokotoro ba ya zaɓen magani da ka: sai an yi ekogarafi, an ɗebi ɗan nama an auna. Wannan ƙarfen da ake gudu, shi ke nuna hanya.

Masu cewa "ai wance an yi mata aiki kuma ta rasu", mu tambaye su: yaushe aka kai ta? Bayan boka ya gama da ita. Jinkiri ya kashe ta, wuƙa ta sha zagi.

To hukuma fa? Tun 2007 aka yi doka cewa kula da kansar mata kyauta ce a asibitocin gwamnati. Cibiyar yaƙi da kansa, CNLC, tana Yamai, kuma a 2021 aka fara gashi da na'ura a can. Madalla. Amma daga Tasawa zuwa Yamai kusan kilomita 800 ne. Kyautar da sai ka sayar da gero ka biya mota, masauki da abincin mai jinya, rabin kyauta ce. Muna neman a riƙa duba mama a kowace CSI, a kuma kawo awo da shimiyo kusa da talaka, ba sai watan Oktoba ya zo a ɗaura ƙyalle a yi hoto ba.

Maza, ku daina cewa "bari a gama girbi". Gidajen rediyo, ku rufe wa masu tallar maganin daji ƙofa, ko nawa suka kawo. Iyayenmu mata da 'yan'uwa, ƙululu ko ruwa mai jini daga kan mama, gobe da safe sai likita.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya. Ku tura wa wanda bai gani ba.