RA'AYINMU: Tsadar Man Fetur, Ina Tushen Cutar?



Ya 'yan'uwa masu karatu, duk wanda ya bi ta fadamun Bakolori da rani, tun daga Maradun zuwa Talata Mafara, ya gangara Birnin Tudu da Bakura, zai ji ƙarar injinan ban ruwa ta ko'ina, kuma kowane inji daga cikinsu fetur yake sha. Shinkafa da albasa da tumatir da dankalin da ake ɗiba daga wannan yanki zuwa kasuwannin Gusau da Sakkwato, kaso mai yawa na kuɗin nomansu a gidan mai ake biyansa. Saboda haka muhawarar da ake ta yi a majalisu da tashoshin mota da ƙofofin masallatai game da abin da ya jawo tsadar mai, magana ce ta tuwon dare a gidajenmu, kuma ta cancanci a zauna a yi mata hukunci da ilmi da adalci.

Mu fara da abin da babu saɓani a kansa. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana a jawabin rantsar da shi cewa tallafin mai ya ƙare. Kafin wannan rana ana sayar da lita ƙasa da Naira 200 a farashin hukuma. Cikin kwanaki kaɗan ta haura Naira 500 a Abuja da jihohin Arewa, a watan Yuli na wannan shekara ta kai Naira 617, a Satumban 2024 ta kai Naira 897, sannan a Oktoban 2024 ta kai Naira 1,030 a gidajen man kamfanin NNPC na Abuja. Wato cikin watanni goma sha bakwai farashin ya ninka fiye da sau biyar. A ƙaddara manomi yana ƙona lita biyar a ban ruwa guda: abin da yake biya ƙasa da Naira dubu ɗaya ya koma sama da Naira dubu biyar, alhali gonar ba ta ƙara faɗi ba, shinkafar kuma ba ta san an janye tallafi ba, ruwanta take nema a kan lokaci. Farashin ya ɗan sassauta a 2025, amma bai kusanci inda ya baro ba.

To mene ne sababi? Mun saurari mutane, mun tarar sun kasu kashi biyar.

Kashi na farko sun ce janye tallafi ne kaɗai, a mayar da shi kowa ya huta. Akwai gaskiya a maganarsu, domin janyewar ce ta buɗe ƙofar, kuma an yi ta bagatatan ba tare da an tanadi abin da zai rage wa talaka raɗaɗi ba. Sai dai adalci ya wajabta a faɗi yadda tallafin yake. Kamfanin NNPC da kansa ya ce a 2022 kaɗai tallafin ya ci sama da Naira tiriliyan huɗu. Tun a 2012, bayan zanga-zangar da ta tilasta wa gwamnatin Jonathan ta sauko da farashi daga Naira 141 zuwa 97, kwamitin Majalisar Wakilai ya bankaɗo yadda aka riƙa biyan wasu kamfanoni kuɗin man da ba su shigo da shi ba. Abin takaici, shugaban kwamitin da kansa, Faruk Lawan, kotu ta same shi da laifin karɓar cin hanci a kan wannan bincike a 2021. Wanda ya tsaya a kan a mayar da tallafi kamar yadda yake a da, ya sani yana kiran a sake zuba ruwa a tulun da aka san gindinsa a huje yake.

Kashi na biyu sun ce faɗuwar Naira ce. Waɗannan su ne suka fi kusa da lissafi, kuma su ne mutane suka fi ƙarancin saurara. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da hukuma take sayarwa kimanin Naira 460 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Gangar ɗanyen mai tana ɗauke da lita 159. Idan ana sayar da ganga dala 80, to kowace lita ta tashi kusan rabin dala tun ba a tace ta ba. Rabin dala a tsohon canji Naira 230 ne, a sabon canji kuwa ya haura Naira 750. Ka ga ko da farashin mai a duniya bai motsa ba, faɗuwar Naira kaɗai ta isa ta ninka shi sau uku. Matakai biyu ne masu nauyi aka ɗora wa talaka cikin makonni biyu da 'yan kwanaki, kuma na biyun ya ƙara wa na farkon kaifi.

Kashi na uku sun ce kasuwar duniya ce, tun daga yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a Fabrairun 2022, ya sa ganga ta wuce dala 100. Wannan ma gaskiya ne, amma yana haifar da tambayar da masu wannan uzuri ba sa son a yi. Ƙasar da take haƙo ɗanyen mai, tashin farashinsa kamata ya yi ya zame mata riba. Me ya sa ya zame mana masifa? Amsar tana matatunmu. Gwamnati ta mallaki matatu huɗu, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna, waɗanda aka gina su tace ganga 445,000 a kowace rana. Shekara da shekaru ana fitar da kuɗin gyaransu, ana kuma ci gaba da sayo tataccen mai daga Turai da dala. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an haɗa ta da bututu zuwa ma'ajiyar mai ta Gusau, domin Zamfara da Sakkwato da Kebbi su riƙa ɗibar mai a ƙofar gida. Da matatar ta tsaya, sai tanka ta koma tana ɗauko mai tun daga bakin teku, tafiyar sama da kilomita dubu, kuma tun da aka daina daidaita farashi a faɗin ƙasa, kuɗin wannan doguwar tafiya a kan mai saye yake faɗawa. Shi ya sa mutumin Bakura yake sayen lita da tsada fiye da mutumin Ikko, alhali ya fi shi ƙarancin samu. Matatar Ɗangote mai ganga 650,000 ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, kuma ta rage dogaro da ƙasashen waje, sai dai ita ma a Ikko take, kuma kamfani ne na kasuwanci da yake lissafin ɗanyen mai da farashin duniya.

Kashi na huɗu sun ɗora laifin a kan dillalai da 'yan fasa-ƙwauri. Babu mai musun cewa a zamanin tallafi man Nijeriya mai rahusa yana kwarara zuwa Nijar da Benin da Kamaru, har ta kai a 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen da suke cikin kilomita 20 daga kan iyaka. Bayan janye tallafi, hukumar da take kula da harkar ta ce man da ake fitarwa a kullum ya sauko daga sama da lita miliyan 60 zuwa ƙasa da miliyan 50. Wani ɓangare na wannan ragi fasa-ƙwauri ne ya ja baya, wani ɓangaren kuwa talakawa ne suka jingine baburansu da injinansu. A Zamfara akwai ƙarin nauyi da ya keɓance mu. A 2021 gwamnatin jiha ta hana sayar da mai a jarka domin toshe wa 'yan bindiga hanya. Manufar ta tsaro ce, amma manomin da injinsa yake bakin rijiyar fadama ba zai iya ɗaukar gonarsa ya kai gidan mai ba, kuma duk lokacin da aka ƙuntata hanyar halal, 'yan bumburutu ne suke cin moriya.

Kashi na biyar sun ce ƙaddara ce da sakamakon zunubanmu, sai haƙuri da istigfari. Lalle babu abin da yake aukuwa sai da ƙaddarar Allah, kuma istigfari wajibi ne a kanmu a cikin yalwa da ƙunci. Amma malamai sun bayyana cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta domin wanke mai laifi. Matatar da aka ci kuɗin gyaranta ta ƙi aiki, hannun mutum ne ya ci, kuma yana da suna da ofis. A shekara ta 18 bayan Hijira, lokacin da fari ya afka wa Madina, Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya fita roƙon ruwa da jama'a, ya kuma aika wa gwamnoninsa su turo abinci, ya haramta wa kansa man shanu da nama har sai da jama'a suka samu sauƙi. Ya haɗa addu'a da aiki, ya kuma fara tsuke bakin aljihu daga kansa. Shugaban da zai ce wa talaka ya yi haƙuri, a fara ganin alamar haƙurin a jerin motocinsa.

Matsayinmu shi ne, kowane kashi ya riƙe wani yanki na gaskiya, kuma idan aka bi kowane yanki zuwa tushensa, wuri guda ake isa, wato tozarta amanar dukiyar jama'a. A mazhabar Malikiyya, ma'adinan da suke cikin ƙasa suna ƙarƙashin kulawar shugaba ne domin maslahar al'umma baki ɗaya. Shi wakili ne a kansu, kuma wakili ana tambayarsa lissafi. An gaya mana an janye tallafi domin a yi wa jama'a aiki da kuɗin, kuma kason da jihohi da ƙananan hukumomi suke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai tun 2023. To ina aikin? A 1994, da gwamnatin Janar Abaca ta mayar da lita Naira 11, ta kafa asusun PTF, aka riƙa ganin hanyoyi da magunguna da alamar asusun a jikinsu. Ba mu wanke wancan zamani daga laifuffukansa ba, amma aƙalla mai biyan ƙarin yana iya nuna inda wani abu daga kuɗinsa ya tafi.

Wasu suna cewa shari'a ta hana hukuma sa baki a farashi, suna kafa hujja da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi ƙayyade farashi a Madina lokacin da aka roƙe shi. Hadisin ya inganta, amma Shaihul Islam Ibn Taimiyya ya yi bayani a littafinsa na Hisba cewa wannan yana kan tsadar da ƙarancin kaya ko yawan masu nema ya haifar. Idan kuwa 'yan tsiraru ne suka mallake abin da jama'a ba za su iya rayuwa ba sai da shi, to wajibi ne hukuma ta tilasta musu sayarwa da farashin adalci. Fetur a yau yana cikin wannan babi.

Saboda haka muna kira da abubuwa kamar haka.

Na farko, Gwamnatin Tarayya ta fito da lissafin abin da aka kashe a gyaran matatun nan huɗu, a gurfanar da waɗanda suka ci, sannan a yanke hukunci guda a kan matatar Kaduna da bututun Gusau, ko a tayar da su ko a miƙa su ga wanda zai iya, a fili kowa yana gani.

Na biyu, gwamnatin Zamfara da shugabannin ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun su riƙa bayyana wa jama'a abin da ya shigo musu da inda ya tafi a kowane wata. Kuma su ba da fifiko ga raba manomi da fetur gaba ɗaya, ta hanyar injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana, da kula da magudanan Bakolori. An kammala madatsar a 1978 da niyyar shayar da kadada 23,000, amma ɓangaren da ya dogara da famfunan feshi ya mutu, manoma suka koma wa ƙananan injina. Mutanen Birnin Tudu sun biya kuɗin wannan madatsa da gonakinsu, sun kuma biya da rayuka a watan Afrilun 1980, lokacin da 'yan sanda suka afka wa manoma masu neman diyya. Zalunci ne jikokinsu su zauna a gefen tafki suna sayen fetur kafin su shayar da shuka.

Na uku, ga 'yan'uwanmu masu gidajen mai. Rufe gida da rana ana jiran ƙarin farashi, a buɗe wa 'yan bumburutu da dare, shi ne ɓoye kayan masarufi da shari'a ta haramta. Taɓa mita domin lita ta ragu kuwa tauye mudu ne, wanda sura guda ta Alƙur'ani take ɗauke da sunan masu yinsa. Ribar da aka tara ta wannan hanya, Hajji da Umara ba sa wanke ta sai an mayar wa masu haƙƙi haƙƙinsu.

Na huɗu, ga direbobi da 'yan acaɓa da 'yan kasuwa. Wanda ya ƙara kuɗi ranar da mai ya tashi, to ya rage ranar da ya sauka. Wanda ya ƙi, ya aikata a ƙaramin ma'auni abin da yake zagin manya a kansa.

Na biyar, ga malamai da limamai. Mimbari ya karantar da babin ciniki da amana kamar yadda yake karantar da babin tsarki, ya yi wa shugabanni nasiha da hujja da ladabi, ya kuma tsawatar wa matasa daga ƙone-ƙone da kwasar ganima, domin mun ga abin da ya faru a wasu biranen Arewa a watan Agustan 2024, kuma talaka ne ya fi kowa asara. Mawadata kuma su tuna da maƙwabcin da ya bar rabin gonarsa ba shuka saboda kuɗin mai. Rance mai kyau a lokacin shuka ya fi masa amfani a kan buhun sadaka bayan yunwa ta shiga gida.

Muna roƙon Allah Ya shiryi shugabanninmu, Ya ba su mashawarta nagari, Ya sanya albarka a cikin nomanmu da kasuwancinmu, Ya mayar mana da aminci a garuruwanmu da dazuzzukanmu.