RUWA BA YA TSAMI BANZA

Jama'a, ana ta gaya mana wai tun 1953 Amurka ta yi alherin raba ƙarfin nukiliya da duniya. To, mu 'yan kasuwa ne, ba mu sayen akuya sai mun tambayi garkenta.

Ga asalin maganar. A 1946, sa'ad da Amurka kaɗai ke da bom ɗin ƙare-dangi, ta aika Bernard Baruch Majalisar Ɗinkin Duniya da shawara: a kafa hukuma ta tsare kowa, ita kuwa ta riƙe bama-bamanta sai tsarin ya kankama. Rasha ta ce ba ta yarda ba. A 1949 Rasha ta tashi nata bom. A Agusta 1953 ta gwada wanda ya fi shi muni. Wata huɗu kacal bayan haka, ran 8 ga Disamba, sai ga Shugaba Eisenhower a gaban Majalisar yana cewa a tara yuraniyam a asusu guda, don lantarki da noma da magani.

Ku duba lissafin. Mai buhu ɗari ya ce da mai buhu goma kowa ya ba da sadakar biyar-biyar. Wa zai fara ganin gindin rumbunsa? Bama-baman Amurka kuwa sun tashi daga wajen 1,000 a 1953 zuwa fiye da 18,000 a 1960. Wannan ne zaman lafiyar?

Mu fa, me muka samu? Yuraniyam na Shinkolobwe a Kwango na cikin bom ɗin da ya ƙone Hiroshima. An kafa hukumar nukiliya ta duniya a 1957, amma ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tashi bom a Reggane cikin Hamada, inda hunturu ke kwaso mana ƙura. Da ta yi na uku, Nijeriya ta kori jakadanta a Janairu 1961. Tun 1971 aka fara haƙar yuraniyam a Arlit, ya haskaka Faransa, ƙauyukan Nijar na kwana a duhu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi!

Ba mu ƙi gaskiya ba. A 2004 an kunna 'yar na'urar bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, malamai suna amfana. Amma wajen kilowat 30 ce, ba ta kunna wa telan Gyadi-Gyadi ko ƙwai ɗaya, mai markaɗe a Tarauni kuwa sai ya sayi mai.

A 2017 gwamnati ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha kan gina tashoshin nukiliya. Mu mutanen Babban Giji muna so a karanta mana sharuɗɗan da Hausa, a fili. Nawa ne bashin? Wa zai biya? A ƙasar wa za a binne dattin? Wanda za a ɗora wa kaya, shi ya kamata ya fara jin nauyinsu.