Kada a binne ƙullutun, a kai shi gwaji



Kwanakin baya wata baiwar Allah daga wani ƙauye kusa da mu nan Zango ta same ni a wurin aiki da ciwo a mama. Bara aka cire mata ƙullutu a wani ƙaramin asibiti, aka naɗe a leda aka miƙa wa mijinta, shi kuma ya binne. Yanzu ciwon ya dawo, kuma babu wanda ya san irinsa. Wannan ne ya sa na ce yau sai mun yi maganar.

Jikinki an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma ƙwaya ba ta hayayyafa sai an ba ta umarni. Kin san yadda saƙo ke fitowa daga fadar Daura ya iso wurin hakimi, hakimi ya sanar da dagaci, dagaci ya gaya wa mai unguwa, har ya shigo gidanki? To haka umarnin yake tafiya a cikin ƙwaya, hannu zuwa hannu. Masu miƙa shi wasu sinadarai ne da ake kira kainas, mutum yana da irinsu fiye da 500. Kowanne yana buga wa na gabansa wata alama, kamar hatimi a takarda, sai shi ma ya tashi da saƙon.

Matsala tana farawa ne idan ɗan aike ɗaya ya lalace ya dinga shelar "a hayayyafa" dare da rana ba tare da an aike shi ba. Ƙwayoyi su yi ta ƙaruwa babu tsayawa, daga nan daji ya kama.

A sankarar mama, kusan mace ɗaya cikin biyar tana da irin da wani kainas mai suna HER2 ya yi yawa a kan ƙwayoyin. Wannan irin yana saurin yaɗuwa, amma tun 1998 aka fara amfani da maganin Herceptin a Amurka, wanda ke manne wa HER2 ya hana shi shela. Yawanci duk mako uku ake sa shi ta jijiya har shekara guda, ana duba zuciya lokaci zuwa lokaci. Yana da tsada ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Amma macen da nata ciwon ba na HER2 ba ne, ko ta sayar da gona ta saye shi ba zai amfane ta ba. Wata kuma ciwonta da sinadarin mata yake girma, ita ƙwayar tamoxifen ce ta dace da ita, kuma kuɗinta bai kai ko kusa ba.

Babu likitan da zai bambance waɗannan da ido ko da taɓawa. Sai an duba naman a ɗakin gwaji.

Saboda haka, 'yar uwa, idan kin ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko da ba ya ciwo, ki je asibiti a makon nan. Kada ki tsaya shafe-shafe ko sakiya. Idan za a cire, ki tambaya tun kafin a fara: ina za a kai naman? A sa shi nan take cikin ruwan fomalin, a tura babban asibiti kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Idan sakamako ya nuna daji ne, ki nemi a duba HER2 da sinadarin mata kafin a sayi magani. Ki adana takardar, ki ɗauki hotonta a wayarki. Ki kuma nuna wa maigida wannan rubutun, domin sau da yawa shi ake miƙa wa ledar.

Mai tambaya ta ajiye a ƙasa, zan amsa in sha Allahu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.