Zane a Bangon Wani: Na Wane Ne?

Duk wanda ke yawo a garuruwanmu ya saba ganin rubutu da zane a jikin katanga, wani da gawayi, wani da fenti. Tambayar da nake so mu yi wa kanmu, 'yan'uwana ɗalibai, ita ce: wa ke da wannan zanen, mai bango ko wanda ya zana?

A ganina, bango na mai shi ne, fasaha kuwa ta mai zane ce. Izini shi ke raba gardama.

Mu dubi abin da ya faru a birnin New York na Amurka. A da akwai wani tsohon gini da ake kira 5Pointz, wanda mai shi, Gerald Wolkoff, ya yardar wa masu zane suka yi shekaru suna ƙawata shi. A watan Nuwamba 2013, ya sa aka shafe zanen da farin fenti cikin dare, domin yana son rushe wurin ya gina gidaje. Masu zanen suka kai ƙara bisa wata doka ta 1990 da ke kare haƙƙin masu fasaha. A 2018 kotu ta umarce shi ya biya mutum 21 dala miliyan 6.75 saboda zane 45. Ginin nasa ne, babu musu, amma da bakinsa ya gayyace su, bai kuma ba su lokacin ceto aikinsu ba.

Sai kuma Banksy na Ingila, wanda ke zane ba tare da neman izini ba. A 2013 aka ɓamɓare wani zanensa daga bangon wani kanti a Landan, aka sayar. Mutanen unguwar suka yi ta ƙorafi, amma zanen bai dawo ba. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. To, bangon da ba a ba ka ba fa?

Saboda haka, mai zane ya nemi yardar mai bango kafin ya ɗauki fenti, a kuma rubuta yarjejeniyar. Shi kuma mai bango, in ya yarda, kada ya wayi gari ya shafe gumin wani. Maginan Zariya da suka ƙawata fuskar gidaje da zanen dagi, ai da sanin masu gida suka yi.