Gona da Turke: Shimfiɗar Doki

A watan jiya mun yi magana a kan ajiyar harawa. Yau kuma za mu sauko ƙasa, mu duba inda doki yake tsayawa da inda yake kwanciya. Masu karatunmu na Mainika da sauran ƙauyukan da ke tsakanin Gwarzo da Kabo sun san darajar doki. Sunan Gwarzo ya daɗe a haɗe da sarautar Sarkin Dawaki Mai Tuta, hawan Sallah na Kano kuwa har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali a shekara ta 2024. Amma dokin da ya yi kwalliya ranar hawa, a barga aka yi shi. Mun sha ganin mutum ya kashe kuɗi kan dawa da dusa da kanwa, ya bar dokinsa tsaye cikin caɓi.

Mu fara da abin da doki yake zubarwa. Babban doki yakan yi kashi kamar kilo 15 zuwa 20 a rana ɗaya, ban da fitsari mai yawa. Idan wannan ya taru a gindin turke, illa uku ke biyowa. Ta fari, kofato ya jiƙe ya yi laushi, tsakiyarsa ta ruɓe, ta yi baƙi da ɗoyi, doki ya fara ɗingishi. Ta biyu, zarnin fitsari ya shiga hancinsa da huhunsa, tari ya kama shi. Ta uku, doki ya ƙi kwanciya. Gaskiya ne yana gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai nauyi ba ya samuwa sai ya kwanta, ko da na rabin sa'a ne a rana. In wurin ya jiƙe sai ya haƙura. In kuwa tsandauri ne, ya kwanta ya tashi da gyambo a gwiwa. Saboda haka duk abin da za mu shimfiɗa, tambaya ɗaya ce: zai bar ƙafar doki a bushe?

Yashi shi ne shimfiɗar iyayenmu, kuma har yau ba mu ga wadda ta fi shi a ƙasarmu ba. Yana tsotse fitsari, yana da sanyi a bazara, gara ba ta cinsa, wuta ba ta kama shi. A ɗebo na rafi mai tsabta, a tankaɗe tsakuwa da ƙaya, a zuba kaurin inci 4 zuwa 6. Aibinsa ɗaya ne, amma babba. In ana zuba wa doki abinci a ƙasa, zai riƙa haɗiye yashi kaɗan-kaɗan har ya taru a hanjinsa, ya jawo ciwon ciki mai iya kisa. Maganin abin shi ne komi. A sa dusa da hatsi a ciki, harawa kuma a ɗora ta bisa tabarma ko a rataye. Mai shakka ya ɗebi kashin dokinsa ya dama da ruwa a bokiti, ya bari ya kwanta. In akwai yashi zai gan shi a ƙasa.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yashi yakan yi sanyi da dare. A nan ne za a ɗora wani abu a kansa. Karan alkama shi ne abin da mutanen Ingila suka daɗe suna shimfiɗa wa dawakinsu, mu ma ana samunsa wajen masu noman rani. Ɓuntun shinkafa yana da araha wajen masu injin casa, irin na Kura. Yana da laushi, sai dai bai cika shan ruwa ba, iska kuma tana kwasarsa. Ƙaiƙayin gero ƙura ta yi masa yawa, ga sa ƙaiƙayi a jiki. Ɓawon gyaɗa in ya sha danshi sai ya yi hunhuna, doki kuwa zai ɗanɗana, hunhunar gyaɗa guba ce. Dusar katako ta fi su duka shan fitsari, amma a zaɓi mai manyan ɓarɓashi, a lalube ƙusa, a guji ta katakon da aka shafa wa fenti ko maganin gara.

Da damina kuwa, musamman watan Agusta, shimfiɗa kaɗai ba za ta isa ba. Sai a tuda ƙasan bargar ta fi tsakar gida tsawo, a ɗan karkata ta, a haƙa kwata a baya, a toshe yoyon rumfa.

Ga aikin kullum. Safe da yamma a kwashe kashi. A haƙe inda fitsari ya jiƙa, a bar gurbin ya sha iska kafin a cike da busasshen yashi. Kada a zuba toka a ƙarƙashin ƙafar doki don kashe wari, gama jiƙaƙƙiyar toka tana cin fata. A ɗaga kofato huɗun nan kowace rana a sakace su. Mako-mako a fitar da doki, a kwashe kara ko ɓuntun duka, a duba ko akwai kaska a tsagar bango. Wanda ya durƙusa a wurin, gwiwar wandonsa ta jiƙe, ya san aiki bai ƙare ba.

Iyaye, yara ne suka fi yin wannan shara. Ƙwayar tetanos, ciwon nan mai sandare muƙamuƙi, tana zama cikin kashin doki. A sa musu takalmi, in sun yanke a wanke da sabulu, a kai su asibiti. Kada kuma a hura wuta kusa da tarin kara.

Abin da aka kwashe ba shara ba ne, taki ne. A tara shi nesa da barga da rijiya saboda ƙuda, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa har wata 2 ko 3. Zafin tulin yana kashe ƙwan tsutsa da irin ciyawa. Mai dusar katako ya fi daɗewa kafin ya nuna, in an kai shi gona ɗanye sai shuka ta yi rawaya.

Kofaton da ya ruɓe ba ya warkewa cikin mako guda, wanda ya lalace ƙwarai kuwa yakan yi kusan shekara kafin sabo ya tsiro ya maye gurbinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son hawa da Sallah, yau ne zai ɗauki shebur da tsintsiya. In ɗingishi ya wuce kwana biyu, a nemi malamin dabbobi. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.