ITACEN DA KE SUNKUYAR DA KAI: Abin Yankewa Da Abin Bari

A wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Miharu, cikin lardin Fukushima na ƙasar Japan, akwai wani tsohon itace wanda masana suka ƙiyasta ya haura shekara 1,000 a duniya. Tsawonsa ya wuce ƙafa 40, rassansa kuwa sun bazu fiye da ƙafa 70 daga gabas zuwa yamma, sa'an nan suka zubo ƙasa ta kowane gefe. Idan watan Afrilu ya kama ya yi huda, sai a ga furanni ruwan hoda suna kwararowa daga bisa har ƙasa. Saboda haka ne mutanen wurin suka raɗa masa suna Takizakura, watau ceri mai kama da ruwan da ke gangarowa daga kan dutse. Tun cikin 1922 hukuma ta sa shi cikin dukiyar ƙasa da doka ke karewa. A watan Janairu na 1905 da doriyar shekara ɗari, watau 2005, dusar ƙanƙara ta yi masa nauyi har ta karya waɗansu rassa, mutanen gari suka fito suka kakkaɓe ta, suka tottokare sauran da itatuwa.

Irin wannan itace Japanawa suna kiransa shidare-zakura, Turawan Ingila kuwa suna ce masa ceri mai zub da hawaye. Ba don 'ya'ya ake dasa shi ba, don fure ne kurum, furen kuwa da wuya ya wuce mako biyu bai kaɗe ba. Duk da haka sha'awarsa ta ƙetare teku, har ya zama a biranen Turai da Amurka mutumin da filin bayan gidansa bai fi a ɗaure akuya biyu ba yakan so ya ga ɗan ƙaramin irinsa a gabansa.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya lura da wani abu. Wanda ake sayarwa don ƙaramin lambu ba jikan wancan tsoho na Miharu ba ne da ya tsiro daga ƙwallo. Galibi itace biyu ne aka haɗa, irin haɗin nan da masu lambun mangwaro da lemo suke kira aure. Mai renon itatuwa yakan samo cerin daji mai miƙaƙƙen jiki, ya bar shi ya kai ƙafa 5 ko 6, ya datse kansa, ya ɗora reshen mai sunkuyo a wurin, ya ɗaure har su kama juna. Gindi shi ke jawo ruwa da abinci, kai kuwa shi ke fure. Wani iri da ya yi suna a Ingila, mai suna Kiku-shidare-zakura, bai cika wuce ƙafa 10 zuwa 13 ba a tsawo da faɗi, shi ya sa masu ƙaramin fili suka fi nemansa. Dalilin aurar da shi kuwa a fili yake: ba kowane ƙwallo ne ke fitowa da halin uwarsa ba, sau da yawa albasa ba ta yin halin ruwa, a shuka 'ya'yan mai sunkuyo su tashi a miƙe ƙyam.

Dashensa ba shi da wuya ga wanda ya kiyaye ƙa'ida. A Ingila daga watan Nuwamba zuwa Maris ake yi, lokacin da ganye ya zube, itacen yana hutawa. Yana son wuri mai rana, da ƙasa mai tsotse ruwa, domin idan ruwa ya kwanta a gindinsa saiwa ruɓewa take yi. Akan haƙa rami mai faɗi, amma kada zurfinsa ya wuce yadda itacen yake zaune a wurin reno. A kafa masa turke saboda iska, a shimfiɗa ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace kewaye da shi ba tare da ya taɓa jikinsa ba, a riƙa ba shi ruwa duk lokacin da sama ta ɗauke, har shekara biyu ko uku. Saiwarsa ba ta nitso can ƙasa, shimfiɗuwa take yi kusa da doro, saboda haka ba a sa masa fartanya a gindi, ba a kuma matsa shi jikin bango.

Bayan dashe ne ainihin aikin yake, hatsari kuwa iri biyu ne, ɗaya na sakaci, ɗaya na wuce gona da iri.

Na farko daga gindi yake fitowa. Cerin dajin nan da aka datse wa kai bai manta da asalinsa ba. Wata rana sai a ga toho ya ɓullo daga jikin kututture ƙasa da mahaɗa, ko daga cikin ƙasa, ya nufi sama sak, ga ƙarfi ga saurin girma. Wanda bai sani ba sai ya yi murna, ya ce itacensa na bunƙasa. Alhali kuwa gindi ne ya fara tawaye. Idan aka ƙyale wannan toho, cikin 'yan shekaru zai janye ruwa da abinci, ya yi wa rassan sunkuyo inuwa har su bushe, mai gida ya wayi gari da ƙaton itacen daji mai farin fure a wurin da ya sayi ɗan ƙaramin abin ado. Magani shi ne a cire tohon tun yana ɗanye, daga daidai inda ya fito, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu daga hannun mai lambu yake zuwa. Akwai wanda da zarar ya riƙe almakashi sai ya yi wa itacen aski, ya daidaita bakin rassan kamar laima. Japanawa suna da karin magana da ke wautar da mai yankan ceri, suna kuma wautar da wanda ya ƙi yankan wani ɗan'uwansa da suke kira ume. Hikimar ita ce, raunin ceri ba ya saurin warkewa. A Turai akwai wata cuta mai shiga ta bakin yanka, ta sa ganye ya koma launin azurfa, reshe ya bi reshe yana mutuwa, ƙwayoyinta kuwa sun fi yawo a iska lokacin sanyi da laima. Don haka ba a taɓa shi da zarto a hunturu. Sai tsakiyar zafi, wajen Yuni zuwa Agusta, a rana busasshiya, da wuƙa mai kaifi da tsabta, a cire mataccen reshe da wanda ke gogar ɗan'uwansa da wanda ke jan ƙasa. Sauran a bar su yadda Allah ya zubo su.

Ko an yi masa dukan wannan hidima, mai aure ba ya daɗewa kamar na ƙwallo. Idan ya ba mai shi shekara 30 ya yi ƙoƙari. Mai son abin da zai bar wa jikoki sai ya bi hanyar haƙuri, kamar yadda aka yi a birnin Kyoto. A lambun Maruyama akwai wani tsohon ceri mai sunkuyo da gari ke alfahari da shi. Cikin 1928 wani gwanin lambu, Sano Toemon na 15 a jerin gidansu, ya tsinci 'ya'yansa ya shuka. Tsohon ya mutu a 1947, aka dasa magajinsa a 1949, bayan reno na shekara 21. Shi ne jama'a ke zuwa kallo a wurin har yanzu.

Mai karatu na Kano ko Sakkwato kada ya ɓata kuɗinsa wajen yin odar wannan itace. Kafin ya yi fure yana bukatar ɗaruruwan awoyi na sanyin da bai haura digiri 7 ba, sanyin hunturun ƙasar Hausa kuwa da hantsi ya dubi ludayi ya gudu. Amma ƙa'idar aure ɗaya ce ko'ina. Duk mai mangwaro ko lemo mai aure a gida, ya kamata ya sunkuya ya duba ƙasan mahaɗa, domin tohon da ke fitowa nan ba na irin da ya biya kuɗinsa ba ne, kuma gwamma a cire shi da farce bana da a sare shi da gatari baɗi.