Karatun Aku a Bakin Kogin Isa

Duk wanda ya ratsa ta gefen makarantar firamare a Gaya da hantsi zai ji amon yara suna bin malami da murya ɗaya, suna maimaita jimlar Faransanci da ke bisa allo. Amon da daɗin ji. Amma a tsai da yaro guda a tambaye shi wane ne ya tafi kasuwa a cikin labarin, sai ya sunkuyar da kai. Alhali yaron nan ne da marece yake ciniki da fataken Kamba cikin Hausa, ya juya ga mutanen unguwarsu cikin Dendanci, ya canja naira zuwa sefa da ka. Shin wannan ne za a kira daƙiƙi?

Karatu aiki biyu ne: haɗa baƙi da wasali, da gane abin da suka faɗa. Yaron da aka fara wa da harshen da bai taɓa ji a gida ba, na farkon kaɗai yake samu. Abin da ya rage karatun aku ne. Binciken PASEC na 2014 ya sa Nijar a ƙarshen ƙasashe 10, inda ko ɗaya cikin goma na ƴan ajin ƙarshe bai kai matsayin fahimtar da ake bukata ba. A 2019 an samu ci gaba, amma mafi yawansu ba su kai ba.

Kuma maganin ba baƙo ba ne. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram, daga baya Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci suka bi sahu. Da aka auna ɗalibanta, an tarar ko a Faransancin ba a bar su a baya ba. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a aji. Abin takaici, tsarin ya shekara da shekaru ana ce masa "gwaji", kamar tuwon da ba a gama ɗanɗanonsa.

Masu ja suna cewa Gaya gari ne na harsuna barkatai, don haka Faransanci ne ba ya nuna sonkai. Gaskiya ne ba ya nuna sonkai: kowa yake kurmantarwa daidai wa daida. Yawan harsuna dalili ne na tantance harshen kowane aji da horar da malaminsa, ba hujjar toshe bakin kowa ba.

Sai dai masu kishin Hausa su ma su yi hattara. Kundin 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya mai da Faransanci harshen aiki. Amma doka ba ta buga littafi, kuma ɗan Dendi da aka tilasta wa fara karatu da Hausar da ba ya ji, ramin ɗaya aka sake jefa shi.

Nauyin yana kan malamai da ƙungiyoyin al'adu. Su tattara tatsuniyoyin Dendi da na Hausa, su rubuta su bisa ƙa'ida, su kai su aji. Malami kuma kada ya wuce shafi sai yaro ya ba da labarin da bakinsa, ya faɗi dalilin abin da ya faru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya bar firamare bai gane abin da yake karantawa ba, da wuya sakandare ta ceto shi.